Abincin Biki da Fargabar Ango

Mu da muka taso a Kano a shekarun 1990, Indiya ɗaya muka sani, ta Bombay. Ta Amitabh Bachchan da Dharmendra, wanda muke kira Sarkin Ƙarfi, da Sanjay Dutt, Ɗan Daba Mai Lasin. Da an ce fim ɗin Indiya to na Hindi ake nufi, kuma kowane yaro a layinmu yana da 'yan kalmomin da ya haddace yake jefawa a hira. Aure a waɗannan finafinan shi ne ƙarshen zance. An sha wuya, an doke mugu, uban yarinya ya sauko daga dokin naƙi, sai a kewaye wuta kowa ya watse. Abin da ke biyo baya ba a nuna mana. In darakta ya yi ƙarfin hali ƙwarai, sai ka ga amarya ta shigo ɗaki da kofin madara, ko furanni biyu sun sunkuya sun taɓa juna, daga nan a kawar da kyamara. Mu ma ba mu nemi ƙari ba, tunda da iyayenmu mata da ƙannenmu ake kallon.

Da karatu ya kai ni Chennai a 2012 sai na tarar da wata Indiyar daban. Hindin da nake taƙama da shi ko ruwan sha bai saya mini ba. Mutanen jihar Tamil Nadu harshensu Tamil ne, suna kuma kishinsa, har tarzoma suka yi a 1965 da aka so a ɗora musu Hindi. Finafinansu ma nasu ne, a unguwar Kodambakkam sana'ar ta kafu, gwarzonsu kuma Rajinikanth, wanda samari ke kwarara wa ƙaton hotonsa madara ranar da fim ɗinsa zai fito. Kallo ba ya cin aljihu, don gwamnatin jihar ta ƙayyade kuɗin tikiti a lokacin: ba ya wuce rupi 120 ko a sinimar da ta fi kowace ƙawa, layin gaba kuwa rupi 10. Ɗalibi mai ɗan guzuri irina ya samu wurin zuwa.

Ɗakin da na kama a saman bene yake, a gidan wasu dattawa 'yan Brahmin, wato zuriyar malaman addinin Hindu. Sharaɗinsu guda ne, kada nama ko kifi ko ƙwai ya ƙetare musu ƙofa. In kwaɗayi ya motsa sai in daure zuwa Juma'a, in an sauko daga babban masallacin Triplicane in zarce shagunan biriyani. Maigidan Maama ake ce masa, uwargidan Maami, yadda suke kiran dattawansu, ni kuma suna ce mini thambi, ƙane. Ta hannunsu na shiga bikin auren Tamilawa na farko a rayuwata, na 'yar ƙanin Maami.

Tun ana saura watanni gidan ya daina samun sukuni. Aurensu har yanzu na haɗi ne a gidaje da yawa, sai dai ya sha zamani: iyaye su leƙa shafukan neman aure a intanet, a kai lissafin haihuwar yaro da na yarinya wurin masanin taurari ya duba ko sun dace, sannan a bar yaran su gana. In an daidaita sai baiko, sai farautar zauren biki, wanda dole a kama shi tun da nisa, domin ranakun da suke ɗauka masu sa'a ba su da yawa, akwai ma watanni irin su Aadi da Margazhi da ake kauce wa ɗaura aure a cikinsu. Nauyin kusan duka a wuyan uban amarya yake. Na raka Maama da ƙanin matarsa unguwar T. Nagar sayen zannuwan siliki na Kanchipuram, na ga dattijo yana sharce gumi a cikin shagon da sanyin na'ura ke kaɗa haƙora.

Sa'ar da aka zaɓa da sassafe ta faɗo, saboda haka kafin gari ya waye muna zaure. Masu busa wata doguwar algaita da suke kira nadaswaram suna gefe da makaɗansu. Can sai ga ango ya fito ɗaure da farin zane, riƙe da lema da mafici da sanda, ya zura takalmi ya nufi ƙofar waje. Na tambayi na kusa da ni ko lafiya. Ya ce ai Kashi za shi, birnin Varanasi mai tsarki a wurinsu, ya fasa auren, zai je ya ƙare rayuwarsa a karatu da ibada. Uban amarya ya bi shi da sassarfa ya tare shi, ya lallashe shi ya dawo, ga 'yarsa nan ya ba shi. Ana ta dariya, masu hoto na ta haskawa, ango ya juyo. Al'ada ce, kowa ya san yadda za ta ƙare. Ni dai fuskar angon na tsaya kallo. Da gani bai yi barcin kirki ba, idanunsa sun yi ja, kuma da ya isa bakin ƙofar ya tsaya yana kallon titi, tsayuwar da ta ɗan fi abin da wasan ke buƙata.

Sauran ya zo bi da bi. Aka ɗora su a lilo mata na waƙa, aka zaunar da su gaban wuta, makaɗa suka ƙara wuta daidai lokacin da ango ke ɗaura wa amarya thaali, igiyar aure mai launin rawaya, a wuya. Daga nan kowa ya ruga ɗakin cin abinci, wanda in za a faɗi gaskiya shi ya kawo rabin jama'ar. Layi-layi ake zama, a shimfiɗa maka ganyen ayaba, masu rabo su biyo da bokitai: shinkafa da miyar sambar, a ƙaro shinkafa da romon rasam mai tsami da yaji, a kawo payasam mai zaƙi, a rufe da shinkafa da kindirmo. Kana ci wani na tsaye a bayanka yana jiran kujerar. Da wannan abincin ake auna bikin, shekara goma bayan nan ana iya tuna cewa rasam ɗin gidan wane gishiri ya yi masa yawa. Daren farko ma ba a bar wa ma'auratan ba. Shi ma sai an duba masa sa'a, a ƙawata gado da furanni, a miƙa wa amarya madara, dangi kaf sun san ƙarfe nawa za a rufe ƙofa.

Da wannan a kaina na shiga kallon Kalyana Samayal Saadham a watan Disamba na 2013. Sunan na nufin abincin biki, an aro shi daga wata tsohuwar waƙa ta fim ɗin Mayabazar na 1957, inda wani ƙaton aljani ke lamushe girkin biki shi kaɗai. Wani abokin karatuna Batamile ne ya ja ni, shi ma an yi masa baiko a lokacin, ya zauna kusa da ni yana raɗa mini fassara. Fim ne ƙarami, ba wani babban tauraro, kuma shi ne na farko da daraktan, R. S. Prasanna, ya yi. Jarumin ma Prasanna sunansa, sunan ne kawai ya zo ɗaya, kuma shi kansa sabon ango ne, don a 2012 ya auri jaruma Sneha. Amaryar fim ɗin Lekha Washington ce, tsohuwar mai gabatar da shiri a tashar waƙoƙi.

Labarin bai da tsawo. Raghu injiniyan kwamfuta ne, Meera 'yar boko ce mai baki, iyaye suka haɗa su, suka ga juna suka amince, har soyayya ta shiga tsakanin baiko da biki. Ana cikin shirye-shirye, wata rana suka keɓe, suka so su riga ranar, sai ango ya kasa. Daga nan fim ɗin ya rabu biyu. A fili ana ta rigimar kati da zaure da mai girki da wane dangi za a fi girmamawa. A ɓoye kuma saurayi na ta zarya tsakanin intanet da shawarar abokai da neman magani, kwanan wata na matsowa.

Abin da ba na mantawa shi ne yadda dariyar zauren ta riƙa sauya murya. Da farko samari ne ke shewa da fito, irin dariyar nan ta "ba ni ba ne." Da tafiya ta yi tafiya sai tasu ta yi ƙasa, ta mata ta fi fitowa. Abokina da ke fassara mini kowace jimla ya fara tsallake wasu. Na zungure shi na ce me aka ce, ya ce, "Bari, zan gaya maka a waje." Da muka fito bai gaya mini ba, ni ma ban tuna masa ba. Muka sha kofi a tsaye muna zancen jarrabawa.

A ganina ƙarfin fim ɗin yana wurin da bai mai da Raghu abin tsokana ba, bai kuma mai da shi abin tausayi ba. Lafiyarsa ƙalau, tsoro ne ya kama shi, tsoron kuma ya haifi wani tsoron. Likitoci sun daɗe da sanin wannan: a jikin saurayi matsalar sau da yawa daga zuciya take tasowa, domin fargaba na sa jiki ya saki sinadarin da ke tsuke hanyoyin jini, alhali abin da ake nema a lokacin shi ne su saki. In ya faru sau ɗaya, mutum ya shiga na biyu yana sa wa kansa ido, sai ya sake faruwa. Na masu shekaru ne aka fi dangantawa da ciwon suga da hawan jini da taba. Fim ɗin bai tsaya yi mana lacca ba. Ya dai ajiye saurayin a tsakiyar hidimar da ake kashe dukiya a kanta saboda shi, wadda ba mai lokacin tambayarsa yaya yake ji, ya bar mu mu haɗa lissafin da kanmu.

Sai kuma Meera. A finafinan da na taso da su, amarya kanta a sunkuye yake, ita ake yi wa komai. Wannan kuwa ita ke riƙe da ragamar. Ba ta ɗauki abin a matsayin ƙarshen duniya ba, ba ta kuma yi kamar bai dame ta ba. Abin da ya fi ɓata mata rai shi ne yadda ya janye jiki, ya mai da damuwar tasa shi kaɗai, kamar ita ba da ita za a yi zaman ba. Ban taɓa ganin mace a fim ɗin Indiya ta yi wa namiji magana a kan wannan lamari ido cikin ido, ba tare da an mai da ita 'yar iska ba, sai a nan. Delhi Ganesh, tsohon ɗan wasan da ya rasu a 2024, shi ya fito a mahaifinta, ya kuma yi uban amarya irin wanda na gani a shagon siliki, har da sharce gumin.

Fim ɗin na da nasa rauni. Duniyarsa ƙarama ce, ta 'yan Brahmin masu rufin asiri da Turanci a baki, kamar duk Chennai su kaɗai ne a ciki. Kuma mafarin labarin, wato keɓewar saurayi da budurwa kafin a ɗaura, ba abin da tarbiyyata za ta sa wa hannu ba ne. Na ɗauka ni kaɗai ne mai wannan ra'ayin sai da Maami ta gan shi. Hukuncinta gajere ne: yaran ba su da kunya, iyayen kuma ba su da ido. Ta ce in ana son a taɓa irin wannan zance a fim ba tare da an zubar da mutunci ba, a koma wurin Bhagyaraj.

A nan ne Maama ya tuntsire da dariya har yana tari, ni kuwa ban gane ba. A tsakar gidan akwai wata bishiya da na shaida tun ranar da na zo, zogale ce, irin tamu sak. Bambancin shi ne mu ganyen muke ci, su kuwa sun fi damuwa da 'ya'yan, dogayen sandunan nan tun suna ɗanye. Murungakkai suke ce musu. A yayyanka su gaɓa-gaɓa a jefa a sambar, in sun nuna ka tsotse tsokar ciki da haƙori ka ajiye ɓawon a gefen ganye. Maami ta sha zuba mini, Maama kuma ya sha cewa, "Ki rage masa, gwauro ne," ina zaton zancen tsada yake.

Ashe a 1983 K. Bhagyaraj ya yi wani fim, Mundhanai Mudichu, shi ya rubuta, ya ba da umarni, ya kuma fito a jarumi. Malamin makarantar ƙauye ne da matarsa ta rasu ta bar masa jariri. Wata yarinya mai rawar kai, Urvashi ce ta fito a ita, ta ƙulla masa sharri har aka tilasta masa aurenta, shi kuma ya rantse ba zai kusance ta ba. Da ta ji an ce murungakkai na motsa namiji, sai ta cika masa ganye da shi, miya da shi, soye da shi, komai da shi. Malam ya kwana yana juyi. Fim ɗin ya yi kasuwa ƙwarai, har aka sake shi da Hindi a 1985 da sunan Masterji, da Rajesh Khanna da Sridevi, kuma tun daga lokacin Batamile ba ya jin sunan wannan kayan miya bai yi murmushi ba. Wannan shi ne salon Bhagyaraj: magana mai harshen damo, wadda yaro zai ji ya wuce, babba ya ji ya sunkuyar da kai. Ga Maami iyakar da aka yarda a kai ke nan. Ni kuwa da na gan shi daga baya sai na lura cewa a wurin Bhagyaraj namiji kullum lafiyayye ne, taurin kai ne kawai ke hana shi. Cewa yana so amma ya kasa, wannan sai da aka jira shekara talatin kafin a faɗe shi a zauren biki.

Abin da ya biyo baya a finafinan Tamil bai bi sawun R. S. Prasanna ba. Ƙofar da aka buɗe wasu suka shigo ta da gudu, amma batsa suka ɗauko suka bar tausayin. Trisha Illana Nayanthara na 2015, da Hara Hara Mahadevaki na 2017, da Iruttu Araiyil Murattu Kuththu na 2018, duk na samari ne masu son shewa a duhu, mace a ciki kayan kallo ce. A 2021 aka yi Murungakkai Chips, da Shanthanu ɗan Bhagyaraj a matsayin ango, aka dawo da uban da Urvashi a matsayin manya. Duk labarin a daren farko yake: kakan ango ya ce in ya taɓa amarya a daren ya rasa gado, gwaggon amarya ta ce in ba a yi a daren ba babu haihuwa. Dabarar ba laifi, amma fim ɗin ya ƙare a jeren habaici, wanda in ka ji uku ka ji duka.

Shi kuwa darakta Prasanna arewacin Indiya ya nufa. A 2017 ya sake fim ɗin nasa da Hindi, Shubh Mangal Saavdhan, da Ayushmann Khurrana da Bhumi Pednekar, ya mai da labarin Delhi da Haridwar. Wannan ya fi na asalin suna nesa ba kusa ba, kuma a cikinsa ne ake da biskit ɗin nan da aka tsoma a shayi ya lanƙwashe ya faɗa kofi, wanda ya wadatar da bayani. Ya fi ƙara da hayaniya, asirin ango ya zama zancen dangi kaf. Na yi dariya sosai, amma na Tamil ɗin na fi so, don a can abin ya fi zama tsakanin mutum biyu. Daraktan dai ya yi gaba, shi ya ba da umarnin Sitaare Zameen Par na Aamir Khan a 2025.

Da na dawo gida na tarar ƙannena sun san jaruman kudancin Indiya fiye da ni, albarkacin fassarar Hausa ta kamfanoni irin su Algaita. Vijay da Suriya sun zama 'yan gida, suna zuba Hausar Kano suna karya ƙasusuwa. Na faɗa da ramuwar gayya aka fi fassarawa, kuma na fahimci dalili. Sai dai lokacin da nawa auren ya zo na riƙa tuna Raghu. Amarya a wurinmu ana ɗaukar makonni ana shirya ta, ga gyaran jiki, ga gwaggwanni da yayye masu zaunar da ita su yi mata bayani dalla-dalla. Ango fa? Abokai su yi ta zolayarsa, wani ya tura masa kaza da madara, wani kawu ya kira shi gefe ya danƙa masa kwalba a baƙar leda ya ce, "Cokali biyu, bayan isha," ya juya ya tafi kafin a haɗa ido. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, amma ango da tasa a ɓoye yake shiga. Wanda ke yi masa magana a fili shi ne mai maganin da ke yawo da lasifika a kan mota, yana kiran basir da sanyi da sunayen da ba sa maimaituwa, kuma shi ba kwantar da hankali ya fito yi ba, tsoron ne jarinsa. A Chennai ma haka suke, sai dai su a bango da jikin jirgin ƙasa suke manna tallarsu.

Akwai zogale a bayan gidanmu, 'ya'yanta sai dai su bushe a sama a ɗebi iri. Bayan biki da 'yan watanni na tsinko ɗanyu na yayyanka, na roƙi maiɗakina ta jefa a miya, na ba ta labarin Maami da na Bhagyaraj tana dariya. Ranar kuwa Hajiya ta zo duba mu, aka zuba mata. Ta sa cokali ta ɗago gaɓa ɗaya, ta juya ta, ta dube ni.

"Kai kuma ganyen ne ya ƙare a garin, da za ka sa 'yar mutane dafa itace? Maganin mene ne wannan?"

Na ce abincin Indiya ne kawai, Hajiya. Maiɗakina ta ce bari ta duba ko ta bar wuta a kunne, ta tashi da sauri har tana tuntuɓe da tabarma.